Koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan dutsen bayan gari

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka mazauna gindin dutse, manoma da masu maganin gargajiya da matasa, mu ne muka haɗu muka rubuto, ba don raini ba sai don abin ya kai mu maƙura.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi masu fasa dutse suka sake sa nakiya a gefen gabas, inda ararrabi ya fi yawa, tipa tana shiga tana fita har bayan magariba, da muka hau washegari wallahi abin da muka gani sai da wasu dattawa suka yi hawaye. Itatuwan ararrabin da tun kakanni ake ɓare ɓawonsu a yi magani duk sun kwanta, kerana ta tarwatse, ita kuma ciyawar nan da ke manne da dutse kamar tabarma, wadda take bushewa ƙamas da rani ka rantse ta mutu amma ruwan farko ta koma kore shar, an kankare ta kamar an share daɓe. Ranka ya daɗe wannan ba dawa ba ce da za a sake shukawa baɗi, shekaru take ɗauka kafin ta kama dutse.

'Ya'yanmu da suka yi karatun tsirrai sun ce dutse kamar tsibiri yake, abin da ya saba da sanyinsa da ƙasarsa ba ya rayuwa a fili. Suka ce a dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya mai tsayin mita 5,895 akwai tsirrai masu fure da duk duniya babu su sai can, shi ya sa ake tsaron irin su dutsen Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka Gumti a nan Najeriya. Namu ƙarami ne mun sani, amma ko a nan Kaduna ka zaga fadama da gonaki ba za ka samu abin da ke kansa ba.

Mun je wajen mai unguwa, mun je wajen dagaci, mun rubuta takarda ba ɗaya ba ba biyu ba, kullum za a duba za a duba, har masu gawayi suka gama da kirya, damina kuma ruwa ke gangarowa da tsakuwa ya binne mana shuka.

Don Allah ranka ya daɗe a dakatar da nakiyar nan, a faɗa mana wa ya ba su izini, a hana cinna wuta da rani, a turo masana su zo su ƙirga abin da ya rage. Kuma muna roƙo ka tako da kanka ka gani, ko ka aiko wakili, amma nakiyar dai a tsayar da ita tukun.

Allah ya taimaki Hakimi.
Mu ne naka masu biyayya, mazauna gindin dutse.