Wanda aka yi wa sojan gona bai kamata ya zama shi ne mai wanke kansa ba

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun bara, wato halin da mutum yake shiga idan aka sace bayanansa aka ci bashi da sunansa.

Ƙanina ne ya je neman rance don ya ƙara jari. Ma'aikaciyar ta shigar da lambarsa a kwamfuta, ta yi shiru, sannan ta juyo masa da allon. Ga sunansa, ga ranar haihuwarsa, ga lambar shaidarsa, duk daidai, kuma a ƙarƙashi an rubuta bashi biyu da aka ƙi biya. Lambar waya da adireshi ne kaɗai ba nasa ba. Bai taɓa taka ƙafarsa a wajen masu ba da bashin ba. Daga ranar ya shiga yawo da ambulan cike da takardu, duk ofishin da ya je maganar ɗaya ce: kawo hujjar cewa ba kai ka ci ba. To, Edita, da me mutum zai nuna abin da bai aikata ba? Wanda ya miƙa kuɗi ga ɗan damfara ba tare da ya tantance shi ba yana zaune a kujerarsa, wanda ya bari aka kwashi bayanan ma ba a san ko wane ne ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba sai ka yi sakaci ake sace bayananka ba. A duba abin da ya faru da Equifax a Amurka, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashin jama'a a can. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a manhajar da suke amfani da ita, ba su toshe ta ba. Masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, ba a kuma sanar da jama'a ba sai 7 ga Satumba. An kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Akasarinsu ba su taɓa ƙulla wata hulɗa da kamfanin ba, bankuna ne da masu ba da rance suke tura masa labarinsu. Kuma abin da aka ɗauka ba kalmar sirri ba ce da za ka sauya cikin minti ɗaya. Wa zai iya sauya ranar da aka haife shi?

A 2019 kamfanin ya amince zai biya abin da zai iya kai dala miliyan 700. Kuɗin da yawa a kunne, amma a raba shi da yawan waɗanda abin ya shafa, kowa ko dala biyar ba zai samu ba. Wannan ba ya hana wani kamfani maimaita irin sakacin.

Duk da haka akwai abubuwan koyi a dokokin da ake da su. Dokar rahoton bashi ta Amurka, wadda aka kafa tun 1970, ta ba mutum damar ƙalubalantar abin da aka rubuta a kansa, kuma galibi dole a bincika cikin kwana 30. Gyaran da aka yi mata a 2003 ya ce idan mutum ya kawo rahoton an yi masa sojan gona tare da shaidar ko shi wane ne, a toshe bashin ƙaryar daga tarihinsa cikin kwanakin aiki huɗu. Tun 2018 kuma kowa yana iya kulle tarihin bashinsa kyauta, yadda mai ba da rance ba zai iya duba shi ba sai mai shi ya buɗe. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 da gano kutse, tara kuma tana iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya baki ɗaya. Irin wannan tara ce take sa masu kamfani su tashi tsaye.

Ni abin da nake kira ga masu yin doka a ko'ina su rubuta ɓaro-ɓaro shi ne: da zarar mutum ya ce ba shi ya ci bashi ba, nauyin kawo hujja ya koma kan wanda ya bayar. Shi ya karɓi takardun, shi ya ga sa hannun ko hoton, shi ya san asusun da kuɗin ya faɗa. Kafin ya kawo, a dakatar da kiran waya da barazana, a cire tabon daga sunan mutum. Sannan kamfanin da aka yi wa kutse ya gaya wa kowane mutum kai tsaye abin da aka ɗauka nasa, ba ya jira a ji a labarai ba.

Ƙanina ya shafe wata bakwai kafin a goge bashi ɗaya. Na biyun har yau yana nan a sunansa, ribar da ake ɗora masa tana ƙaruwa, jarin da ya je nema kuwa bai samu ba.

Na gode,
Mai karanta jaridarka a kullum