Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama: Wa Zai Nemo Jirgin Da Ya Faɗi A Tsauni?

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Daga Gembu nake rubuto maka, a kan tsaunin Mambila, kuma tambaya ɗaya ce ke tafe da ni: idan ƙaramin jirgi ya faɗi a duwatsun da suka miƙe daga Obudu ta jihar Kuros Riba zuwa nan, wa aka tanada ya nemo shi, kuma cikin awa nawa?

Ba fatan tsiya nake yi ba, abin ya sha faruwa. Ranar 17 ga Satumba, 2006, jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228 ya tashi daga Abuja zuwa Obudu da mutum 18, ya daki tsauni a ƙaramar hukumar Kwande ta jihar Binuwai. Mutum 13 suka rasu, goma daga cikinsu janar-janar ne. Wani yaro ɗan manomi ne ya fara isa wurin, kuma da wayar ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira ya kira aka kawo ɗauki. Jirgin manyan hafsoshin ƙasa ke nan fa, ba na 'yan kasuwa ba.

Na biyun ya fi ci mini rai. Ranar 15 ga Maris, 2008, jirgin kamfanin Wings Aviation ƙirar Beechcraft 1900D ya bar Legas da mutum uku zai sauka a filin jirgi na Bebi kusa da Obudu, ya yi ɓatan dabo. Aka yi ta shawagi a sama, aka yi ta fitar da sanarwa, har aka taɓa cewa an gan shi, daga baya maganar ta tashi a banza. Sai ƙarshen Agusta, bayan fiye da wata biyar, mafarauta suka ci karo da tarkacensa a dajin ƙaramar hukumar Obanliku ta jihar Kuros Riba. Iyalan mutum ukun nan sun kusan cinye damina guda ba gawa, ba labari, ba su san ko zaman makoki za su yi ko jiran dawowa ba. Haka ma ƙaramin jirgin Cessna da ya tashi daga Kano a Yunin 2014 zai je Duwala: sai a 2015 aka tsinci ɓaraguzansa a duwatsun yammacin Kamaru.

Duk wanda ya hau Mambila daga Mayo Selbe da damina ya san dalili. Gari zai waye tas, kafin azahar gajimare ya sauko ya kwanta a kan hanya, direba ya kunna fitila yana rarrafe, ko saniyar da ke gefen titi ba ya gani. To ina ga matuƙin da ke gudun ɗaruruwan kilomita a awa, ga dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 a maƙwabtaka? Rada kuwa ba ta ganin abin da ya yi ƙasa-ƙasa a bayan dutse.

Na san akwai na'urar da ake saka wa jirage, wadda ke aika siginar neman agaji a kan 406 MHz zuwa tauraron ɗan'adam da zarar an yi karo, kuma hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, na da cibiyar karɓar wannan sigina a Abuja. Ina roƙon ka sa hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta bi ƙananan jiragen haya da na masu kuɗi ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar na'urar na aiki, batirinta bai mutu ba, kuma an yi mata rajista.

Amma sigina ba ta ɗauko mai rauni daga kwazazzabo. Helikwaftan da zai taso daga Abuja, gajimaren da ya kayar da jirgin shi zai tare shi. Masu isa da ƙafa su ne mafarauta, makiyaya, 'yan banga da masu shayi a gonakin Kakara. Tunda su ne ke gano jiragen, a daina barin abin ga sa'a. A zauna da hakimai da ardo-ardo, a ba su lambar waya guda wadda ake ɗagawa dare da rana, a koya wa matasansu yadda ake tsayar da jini da ɗaukar mai karaya, da kuma barin tarkace yadda yake har jami'an hukumar binciken haɗurra, NSIB, su iso.

Ina kuma roƙon ma'aikatarka ta faɗa wa jama'a yaushe aka yi atisayen ceto na ƙarshe a yankin tsaunuka, da ranar da za a yi na gaba. Idan an zaɓi Mambila, a zo a watan Agusta.

Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Gembu, jihar Taraba