Kafin abokai su ɗunguma zuwa ruwan zafin Beppu da dutsen Aso

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi wa masu karatu bayani a kan yawon buɗe ido a yankin maɓuɓɓugan ruwan zafi na tsibirin Kyushu, kudu maso yammacin Japan. Hotunan da ke yawo a waya suna nuna tururi yana tashi daga tsakanin gidaje, ga tafki shuɗi kamar an zuba shuni, amma ba sa nuna inda tafiyar ke cijewa. A wajen wanka take cijewa, da wajen abinci, da kuma bakin dutse mai aman wuta. Abokan da ba su zauna sun tsayar da magana a kan waɗannan tun suna gida ba, a can za su yi ta ja-in-ja, kuɗinsu kuma ya tafi a banza.

Hanyar ba ta da wuya. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Japan, sai an ya da zango a Addis Ababa, Doha ko Istanbul, kuma takardun neman biza sun haɗa da jadawalin inda za a kwana kowace rana, don haka a fara da kama masauki. Daga tashar Hakata a birnin Fukuoka, jirgin ƙasan da ake kira Sonic yana kai mutum Beppu cikin kamar awa biyu. Daga Beppu akwai bas mai ratsa tsaunuka ta Yufuin da Kurokawa da Aso har Kumamoto. Sau kaɗan yake tashi a rana, kuma sai an kama kujera tun da wuri. Mutum biyar da suka zo tasha da safe suna neman kujera biyar a lokacin hutu, da wuya su tafi tare.

Beppu tana da maɓuɓɓuga fiye da 2,000, babu garin da ya kai ta fitar da ruwan zafi a duk Japan. Wanda ya saba da ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin digiri 31, ya cire wannan daga ransa. Akwai wasu tafkuna bakwai a garin da ake kira jigoku, na kallo ne kawai. Umi Jigoku, wancan shuɗin, digiri 98 ne. Chinoike, mai jan taɓo, digiri 78. Tatsumaki kuwa feshin ruwa yake yi sama duk bayan minti 30 zuwa 40. Biyar suna unguwar Kannawa, ana zaga su a ƙafa, biyun ƙarshen nan suna Shibaseki, kamar kilomita uku daga nan. Tikitin haɗaka na duka bakwai yana aiki kwana biyu a jere. Idan an isa Shibaseki a fara tambayar lokacin feshin Tatsumaki, in da saura a shiga Chinoike da ke gefensa a dawo.

Yanzu ga babbar maganar. A gidan wanka na taro a Japan tsirara ake shiga ruwa. Maza da ɓangarensu, mata da nasu, amma ba a yarda da gajeren wando ko zane ba, ko ɗan tawul ɗin da ake riƙewa ba ya taɓa ruwan. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda al'aura tsakanin namiji da namiji ma al'aura ce. Muna roƙon kada wani ya ce zai shiga da wando ya yi kamar bai gane ba. Za a fitar da shi, kuma baƙon da zai zo bayansa shi zai sha kallon. Mafita tana nan: ɗakin wanka na haya, wanda ake kira kashikiri ko kazoku-buro. Ɗaki ne mai ƙofa da sakata da ƙaramin kwarmin ruwa, ana ba da shi na minti 45 zuwa 60, kuma sau da yawa kuɗin na ɗaki ne, ba na kai ba. Hyotan Onsen a Kannawa, wanda aka buɗe tun 1922, yana da irinsu. Abokai huɗu za su iya karɓar awa ɗaya su shiga bi da bi, minti 15 kowa, muddin mai wurin ya amince, don haka a tambaya kafin a biya. Wasu masaukai suna da ɗakin kwana mai wurin wankansa a ciki. Ya fi tsada, amma babu mai ƙirga muku minti.

Akwai kuma waɗanda ake yi da sutura. A Takegawara, gidan wankan da aka kafa a 1879, ana ba mutum doguwar rigar auduga ya kwanta, ma'aikata su yi ta zuba masa yashi mai zafi daga ƙafa har wuya, ya zauna a haka minti 10 zuwa 15 yana jin bugun jininsa a tafin ƙafa. A Kannawa Mushiyu kuma ana kwanciya a kan ganye mai ƙamshi a wani ɗan ɗaki mai tururi, da riga da wando, minti takwas zuwa goma. Sai dai a sani, wurin wanke jiki bayan an fito na taro ne a duka biyun, kuma a wajen yashin maza da mata sukan kwanta a zaure ɗaya. Wanda wannan bai kwanta masa ba, akwai wuraren tsoma ƙafa a bakin titi, da yawansu kyauta.

Ga 'yan'uwa mata wata magana. Gidajen wanka da yawa suna hana mai zanen jiki shiga, kuma ma'aikacin da bai taɓa ganin baƙin lalle ba zai iya ɗaukarsa zane ne. Gara a bar ƙunshi sai an dawo, ko a tsaya ga ɗakin haya inda ba a cika yin wannan tambayar ba. A cire zoben azurfa, maza da mata, musamman a unguwar Myoban inda ruwan ke da farar wuta, domin cikin minti kaɗan yake mayar da azurfa baƙa.

Ruwan wanka yakan kai digiri 40 zuwa 42, a ƙananan gidajen unguwa na Beppu ya fi haka. Ana fara wanke jiki tsaf da sabulu a wajen kwarmin, a ɗauraye, sannan a riƙa watsa ruwan zafin daga ƙafa zuwa kafaɗa kafin a shiga. A fara da nitsewa zuwa ciki kawai. Minti biyar zuwa goma sun isa, a fito a huta, a sake komawa in ana so. Abin da ke kayar da mutane shi ne miƙewa da sauri: zafi ya buɗe jijiyoyi, jini ya sauka, ido ya yi duhu, ga daɓe mai santsi. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin shiga, kada a shiga da cikakken ciki ko da yunwa, kada kuma a shiga a daren da aka sauka daga jirgi, tunda agogon Japan yana gaban namu da awa takwas. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likitansa tun a gida. Wanda ke cikin ɗakin haya shi kaɗai, abokinsa ya tsaya a ƙofa yana yi masa magana lokaci zuwa lokaci. Game da alwala, sanannen hukunci ne a mazhabar Malikiyya cewa ruwan da ƙasar da yake fitowa ta canja masa launi ko wari yana nan da tsarkinsa.

Masaukin gargajiya, wato ryokan, kuɗinsa na kowane mutum ne, ya haɗa da abincin dare da na safe. Ana ajiye abincin dare wajen ƙarfe shida zuwa bakwai, wanda ya makara ya rasa. A rubuta musu tun lokacin kama ɗaki cewa ba a cin naman alade, ba a son giya a girki, a ambaci mirin da sunansa, domin giyar shinkafa ce mai zaƙi da ke shiga miya da romon kifi, kuma mai girki ba ya lissafa ta a giya. In suka ce ba za su iya ba, a karɓi ɗaki babu abinci. Beppu ta fi sauƙi: akwai jami'ar Ritsumeikan Asia Pacific (APU) da aka buɗe a 2000, mai ɗalibai daga ƙasashe da yawa, akwai masallaci, akwai inda ake samun halal. A Kannawa ana dafa abinci da tururin ƙasa, tamkar madambaci: a jera ƙwai da dankali da masara da kifi a kwando, a sa safar hannu mai kauri, a saukar cikin ramin a rufe da murfin katako. Ƙwai kamar minti goma, dankalin Hausa kusan rabin awa. Ramukan na kowa ne, ana saka alade a cikinsu, kowa sai ya duba abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Kurokawa ƙauye ne a cikin kwari mai masaukai kusan 30, jirgin ƙasa ba ya zuwa. An san shi da wani faifan katako da ake saya a shiga wanka a gidaje uku, amma wankan taro ne, wasu ma na maza da mata a haɗe. Kada a saya sai an tabbata za a yi amfani da shi. A tafi da tsabar kuɗi da kwabbai na yen 100 don akwatunan ajiye kaya.

Aso shi ne wurin da muka fi so a ji mu da kyau. Kwarin dutsen yana da kilomita 25 daga arewa zuwa kudu, 18 daga gabas zuwa yamma, da garuruwa da gonaki a cikinsa, kuma bakin Nakadake da ke tsakiya yana raye. Ya yi aman wuta a watan Oktoba na 2016, ya sake a ranar 20 ga Oktoba, 2021. Hukumar yanayi ta Japan tana da matakan gargaɗi daga 1 zuwa 5, kuma da an kai mataki na 2 ake rufe kamar kilomita ɗaya kewaye da bakin. Ko a mataki na 1 ana iya rufewa cikin minti kaɗan idan iska ta juyo da hayaƙin farar wuta, akwai fitilu masu launi da lasifika da ke sanarwa. An haramta wa mai asma, mai ciwon huhu da mai ciwon zuciya kusantar wurin, domin hayaƙin da zai sa mai lafiya tari kawai yana iya toshe wa mai asma numfashi. A nan abota ke jawo matsala: wani ya ɓoye cutarsa don kada a ce ya ɓata wa mutane tafiya, wasu kuma su ce ai minti biyar ne. A tambayi juna tun a gida. Mai asma ya tsaya a filin ciyawa na Kusasenri, inda ake hango hayaƙin daga nesa, wani ya zauna tare da shi. Ɗakunan kankare da ke bakin dutsen na fakewa ne daga ruwan duwatsu, a lura da mafi kusa da zarar an isa. Dutsen Ontake da ke tsakiyar Japan yana mataki na 1 lokacin da ya fashe a watan Satumba na 2014, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace.

Akwai wata iskar kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a wuraren da ƙasa ke huci. Ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ramuka da kwaruruka, kuma idan ta yi yawa hanci yakan daina jin warinta. Duk inda aka ja igiya, kada a tsallaka don ɗaukar hoto.

Masu son hayar mota su duba lasisinsu na ƙasa da ƙasa: Japan ba ta karɓar kowane iri sai wanda aka bayar bisa yarjejeniyar Geneva ta 1949, kuma a rubuce yake a bangon. Ana tuƙi a hannun hagu. Daga Disamba zuwa Maris titin Yamanami da ke haɗa Yufuin da Aso yakan daskare, sai a nemi mota mai tayoyin ƙanƙara ko a hau bas. A ware wa Aso kwana biyu, a duba sanarwar hukumar dutsen kowace safiya kafin a bar masauki. Lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana ita ce 119.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wasu masu karatu da suka san yankin Kyushu