Wasiƙar Makaranta Zuwa ga Iyaye: Ziyararmu Gidan Makama

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Da fatan ana lafiya, ya ɗawainiya?

Ranar Asabar da ta wuce mun kai 'yan aji biyar da shida Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke daura da fadar Sarkin Kano. Kafin mu tashi na tambaye su wa ya san gidan. Hannaye kaɗan ne suka tashi, alhali da yawansu ta ƙofarsa ake wucewa da su kallon hawan sallah. Abin ya tsaya mini a rai.

Tarihin baka ya nuna an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana Makama. Da ya hau gadon sarauta a 1463, sai ya fara taɓa fasalin birnin. Kafin shi, rayuwar Kano ta fi karkata wajen Dutsen Dala. Shi ya gina Gidan Rumfa, inda sarki yake zaune har yau, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, inda fatake daga Sahara suke sauke kaya. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili, babban malamin Musulunci daga Arewacin Afirka, ya zo Kano. Rumfa ya rasu a 1499. Wato wanda ya tsaya a zauren Gidan Makama, ya tsaya ne inda birnin ya fara miƙe ƙafa zuwa kudu.

Su kuwa yara, sanyin sorayen ne ya fara kama su. Wata yarinya ta ɗora tafinta a bango, ta ce, "Malama, ina fankar take?" Sai mai yi mana jagora ya nuna musu kaurin ginin tubali, ya ɗaga musu kai su ga azara da ɗaurin guga. Sun daɗe a gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, suna shafa ƙarfen jikinsu. Ni a ganina wannan sa'a guda ta fi darasin mako a allo.

Ga roƙonmu. Kowane yaro zai rubuto shafi ɗaya kan asalin sunan unguwarsu. Don Allah a haɗa shi da kaka ko wani dattijon unguwa, kada a bar shi da waya. A kawo ranar Litinin ta sama.

Muna godiya ga iyayen da suka raka mu. Allah ya raya mana su.

Wassalam,
Shugabar Makaranta