Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na rubuto ne kan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda suka sanar a Janairun 2024, ta kuma tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, bayan cikar wa'adin shekara guda da yarjejeniyar ƙungiyar ta tanada. Sojojin da ke mulkin ƙasashen uku ne suka yanke wannan hukunci, babu zaɓaɓɓiyar majalisar da ta tsaya ta tantance shi. Shi ya sa nauyin ya ƙara faɗowa a kan majalisun ƙasashen da suka rage, musamman taku.

Mai girma Kakaki, ka tuna yadda Birtaniya ta bar Tarayyar Turai. A Janairun 2017 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ba ta da ikon fara ficewa sai da dokar majalisa. A 2019 'yan majalisa suka yi watsi da yarjejeniyar ficewa da Firaministar lokacin, Theresa May, ta ƙulla da Tarayyar Turai har sau uku, karon farko da ƙuri'a 432 a kan 202. An sha surutu, an ɓata lokaci, amma ministoci sun tsaya gaban wakilan jama'a sun amsa tambaya. Wanda ya fi kama da halinmu ma shi ne Ireland, maƙwabciyar da aka bari a ciki. Majalisarta ta yi doka a 2019 don kare 'yan ƙasarta ko da Birtaniya za ta fice ba tare da yarjejeniya ba.

ECOWAS ta ce za a ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaida da zirga-zirga ba biza na 'yan ƙasashen uku, har sai an ji wata sanarwa. To, wa zai yi sanarwar, kuma wa za a tuntuɓa kafin a yi ta? Ɗan kasuwar da ke ƙetara iyaka da kayansa, da ɗalibi, da mai iyali a ɓangarori biyu, duk hankalinsu ba a kwance yake ba.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ku ikon bincike a sashe na 88, sashe na 12 kuma ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka sai majalisa ta yi ta. Don Allah ku gayyaci Ministan Harkokin Waje a zaman da jama'a za su gani, ya faɗi abin da ake tattaunawa da AES, ƙawancen da ƙasashen uku suka kafa, kuma a kawo kowane daftari gabanku kafin a sa hannu.

Allah ya yi maka jagora.