Rahoton Kwamitin Gyaran Hanyar Hawa Tudu a Wurno

Assalamu alaikum. Kwamitin da jama'ar unguwa suka ɗora wa gyaran hanyar da ke tasowa daga fadama zuwa cikin gari yana sanar da cewa aiki ya kammala, Alhamdu lillahi.

Garinmu ribaɗi ne tun asali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gaji Shehu Usmanu a 1817, shi ya zaunar da jama'a a kan wannan tudu da ke kallon Gulbin Rima, su tsare iyaka, su yi noma, su yi karatu. A nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Tudun da ya ba magabata tsaro shi ne yau yake turo mana ruwa duk damina. Hanyar ta zaizaye har ta koma kwazazzabo, jakin da ya ɗauko albasa ko tafarnuwa sai an sauke masa mangala kafin ya hau, tsofaffi masu zuwa ziyara kuwa sai an riƙe su.

Da farko mun yi kuskure, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Mun tayar da katangar bulo a gefen gangaren, muka shafe ta da siminti sumul, ba mu bar ko huda ɗaya ba. Ruwan farko mai ƙarfi ya taru a bayanta, da asuba muka iske ta kwance a tsakiyar hanya. Kuɗin jama'a ne suka tafi, laifin kuma na kwamiti ne, ba na birkila ba.

Wani dattijon magini, wanda tun farko ya so ya yi magana muka ƙi tsayawa, shi muka koma wa. Ya zo ya dafa sandarsa, ya daɗe yana kallon inda ruwa ya ci, sannan ya ce, "Yara, ruwa ba a tare mai hanya, buɗe mai ake yi." Muka ce, "Baba, to a nuna mana." Ya sa aka fasa marmara daga nan kusa, aka jera ta hawa-hawa kamar matakala, kowane dutse ya ɗan jingina da tudu, aka cusa tsakuwa a baya, aka bar ƙofofin da ruwa zai tsiyaye. Siminti sai a magudanar da ke gefe da kwalbatin ƙasa kawai. Wasu matasa sun yi gunaguni wai aikin ya yi kama da na mutanen da. Damina guda ta wuce a kansa, dutse ko ɗaya bai gusa ba.

Jigilar dutse da yashi gayya aka yi, masu amalanke ba su karɓi ko sisi ba. Mata sun kawo fura da ruwan sha. Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana manne a bangon masallacin unguwa, duk mai tambaya ya sami ma'aji bayan La'asar.

Saura abu biyu. Ana zuba shara a bakin kwalbatin, sau biyu ke nan muna yashe shi. Sannan itatuwan dogon yaro da muka dasa a saman gangaren awaki sun cinye fiye da rabi, muna neman wanda zai taimaka da ƙaya ko waya a killace sauran kafin rani ya yi nisa.