Masu Noman Na'a-na'a, Ba Kowane Ganye Rawaya ke Neman Yuriya Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu lambun na'a-na'a da ɗoɗɗoya, domin akwai kuskuren da ke ci musu kuɗi: da zarar ganye ya yi rawaya, sai a watsa yuriya.

Ƙamshi ake saye a wajen waɗannan tsirrai, kuma man da ke ba da shi yana cikin wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a jikin ganyen, musamman ta ƙarƙashinsa. Idan naitirojin, sinadarin da yuriya ke ba tsiro, ya yi ƙaranci, tsiron ya tsumbure, ganye ya ragu, man da za a samu a fangali ma ya ragu. Idan kuma ya yi yawa, sai ganye ya yi faɗi, ya cika ruwa, kara ya kwanta, darɓa da tsatsar ganye su samu wurin zama. Dami ya yi nauyi, amma mai shayi ya murza ganyen ya ji ƙamshin bai kai ba.

Kafin a sayi taki, a duba ganyen da ya fara canza launi. Tsiro yana iya kwashe naitirojin daga tsohon ganye ya kai wa sabo, shi ya sa rashinsa ke fara bayyana a ganyen ƙasa, ya yi rawaya gaba ɗaya. Nan ne yuriya ke aiki. In kuwa gefen tsohon ganye ne ya bushe kamar an babbaka, fotashiyam ne babu. Rashin fosfaras yana sa ganyen ƙasa ya yi duhu da shunayya, saiwa ta ƙi yaɗuwa.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne na sabon toho: ganyen sama ya yi fari-fari, jijiyoyinsa na nan kore. Sinadarin ƙarfe ne tsiron ya kasa sha. Sau da yawa yana nan cikin ƙasar, kanwa ce ko kwanciyar ruwa ta hana saiwa ɗaukarsa. Ko buhu goma na yuriya aka zuba, ba zai gyaru ba. A buɗe magudanar ruwa, a zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya, a kuma daina barbaɗa toka a wurin, don toka tana ƙara wa ƙasa kanwa. (Kada ma a taɓa gauraya toka da yuriya; naitirojin ɗin zai bi iska.)

Ga lissafi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, buhun kamfa 15-15-15 (takin da ya haɗa naitirojin, fosfaras da fotashiyam) kuma kilo bakwai da rabi. Na'a-na'a na buƙatar wajen kilo 120 na naitirojin a hekta a kaka guda, har da wanda ke cikin kamfar da aka sa wajen dashe. Sauran a raba shi kashi biyu ko uku, a riƙa sawa bayan kowane yanka, kamar cokalin shayi biyu na yuriya a kowace murabba'in mita, a bi da ruwa nan take. Takin sufa ma yana da amfani wajen gyaran fangali, don ban da fosfaras yana ɗauke da farar wuta.

Yanka kuma a yi shi lokacin da fure ya fara fitowa, bayan raɓa ta bushe, a shanya a inuwa, domin zafin rana yana kore man.

Naka,
Malamin Gona,
Zariya.